Me ake nufi da talabijin na biyan kuɗin wata, kuma me yasa kwanaki ke tafiya ko ba ka kalla ba?

Wani ɗan'uwa daga Gusau ne ya turo tambaya yana cewa: "Salamu alaikum Malam, dan Allah menene ainihin ma'anar wannan talabijin ɗin da ake biyan kuɗi duk wata? Na sayi dikoda da kuɗina, na sayi dish da kuɗina, na biya mai haɗawa, amma duk wata sai na sake biya, kuma ko sati aka yi babu wuta kwanakina suna tafiya. Wai me nake saya ne? Me yasa ba za a yi shi kamar data ko mitar wuta ba, abinda ka sha shi zaka biya?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na daɗe a harkar haɗa dish da sayar da dikoda da yi wa mutane biyan kuɗin wata, kuma wallahi wannan tambayar taka kusan kullum sai an yi mana ita a shago, wani cikin fushi ma yake yinta, kuma ban taɓa ganin laifin mai fushin ba saboda ba a yi masa bayani ba tun ranar da ya sayi kayan.

A taƙaice dai, talabijin na biyan kuɗi tsari ne da kamfani ɗaya yake tattaro tashoshi da yawa, wasu nasa wasu ya sayo izininsu daga masu su, ya haɗa su wuri ɗaya, ya kulle su, ya watso su, sannan ya sayar maka da izinin buɗewa na wani ƙayyadadden lokaci, galibi kwana 30. To kaga abinda ka saya izini ne mai wa'adi. Ba awannin kallo ka saya ba, ba fim kaza ko wasa kaza ka saya ba. Kamar hayar shago ne a kasuwa, ka biya kuɗin shekara, ko ka buɗe ko ka yi tafiya ka bar shi a rufe haya tana ci, mai shago bai zo ya ƙirga kwanakin da ka yi ciniki ba. Dikoda da dish ɗin da ka saya kuwa kayan karɓa ne kawai, kuma ma sau da yawa kamfanonin suna sayar da dikodar ƙasa da abinda suka kashe a kanta, saboda sun san ribar ba a nan take ba, tana cikin abinda zaka riƙa biya wata bayan wata.

Don ka gane shi sosai sai ka duba ta ina kowace tasha take samun kuɗin da take rayuwa, don babu tashar da ke aiki a banza. Akwai waɗanda gwamnati ke riƙe da su, irin NTA da ARTV ta Kano da Tele Sahel ta Nijar, a Ingila kuma BBC kuɗin lasisi ne da gidaje ke biya duk shekara yake riƙe ta. Akwai waɗanda talla ke riƙe su, irin Arewa24 da ta fara a 2014 da su MBC da muke kamawa a Nilesat, waɗannan kai kana kallo kyauta amma mai sabulu da mai madara da kamfanin waya sune ke biya, don haka ainihin kwastoman tashar mai talla ne, kai kuma yawanku masu kallo shine abinda tashar ke nuna masa ta karɓi kuɗinsa. Na ukun shine wanda kake tambaya a kai, inda kai mai kallo kaine kwastoma kai tsaye. Tabbas suna cakuɗuwa, zaka biya kuɗin wata kuma ka ga talla a tsakiyar wasa, sannan zaka ga tashar kyauta irin Arewa24 ko NTA a cikin jerin tashoshin da ka biya, amma asalin ginshiƙin kuɗin kamfanin daga aljihun masu kallo yake.

Mu a nan mun taso ne da na kyauta shi yasa abin yake mana wani iri. Talabijin ya fara a Najeriya a Ibadan a 1959, Kaduna ta samu nata a 1962, aka haɗe su ƙarƙashin NTA a 1977, kuma duk tsawon wannan lokacin eriya kawai kake ɗagawa ka kalla, sai a 1992 lokacin Babangida aka kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin aka buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. MultiChoice ta Afirka ta Kudu ta shigo a 1993, DStv ɗinta ta fara a 1995, StarTimes ta China ta shigo a 2010 da haɗin gwiwar NTA, GOtv kuma a 2011, kuma waɗannan biyun na ƙarshe sune suka sauko da abin daga gidajen masu hali zuwa gidan talaka.

Yanzu bari in zo kan yadda abin ke aiki, don amsar tambayarka ta biyu a nan take kwance, kuma nan ne mutane da yawa ba su sani ba.

Tauraron ɗan adam ɗin da dish ɗinka ke kallo yana can sama kimanin kilomita 35,786, a daidai inda zagayensa ke tafiya daidai da juyawar ƙasa, shi yasa yake zama kamar a tsaye wuri ɗaya, kuma shi yasa da zarar mun saita dish mun ɗaure shi ba a sake taɓawa. Na DStv a yankinmu yana digiri 36 gabas, Nilesat yana digiri 7 yamma, kaga dalilin da yasa zaka ga dish biyu a gida ɗaya kowanne ya fuskanci wajensa. Kamfani yana harba tashoshinsa sama daga tasharsa ta ƙasa, tauraron ya dawo da su ya zubo a kan ƙasashe da yawa lokaci ɗaya. To wannan siginar a kan rufin kowa take sauka, wanda ya biya da wanda bai biya ba, da mai dish da marar dish, dare da rana. Babu wata waya ta musamman da aka ja zuwa gidanka da za a ce an buɗe ko an rufe. Tunda ba za a iya hana siginar sauka a gidan wanda bai biya ba, sai aka hargitsa ta, yadda ko ka kama ta ba zaka ga hoto ba sai da makulli.

Makullin nan lambobi ne, kuma ba ɗaya bane na dindindin, ana canza shi duk bayan 'yan daƙiƙu, kusan goma. Tare da hoton ana turo sabon makullin shima a kulle, kuma katin da ke cikin dikodarka, ko abinda aka gina a cikinta in sabuwa ce marar kati, shine ke iya buɗe shi, amma sai ya duba ya ga yana da izini. Izinin kuma wani saƙo ne daban da ake turowa ta cikin siginar ɗauke da lambar katinka, yana cewa kati mai lamba kaza an ba shi tashoshi kaza zuwa ranar kaza. Duk dikodojin ƙasar suna jin saƙon amma mai lambar ce kawai ke karɓa. Wannan shine dalilin da yasa muke cewa ka kunna dikoda kafin ka biya, kuma shine dalilin da yasa wani zai biya a POS dikodarsa na kashe babu wuta, ya dawo da daddare ya kunna ya ga har yanzu E16 a allo, wato alamar tashar na kulle, ya ce an cinye masa kuɗi, alhali kuɗin sun shiga, saƙon ne ya zo ya wuce bai tarar da dikodar a kunne ba, sai a sake turo shi ta manhajar kamfanin ko ta kiran su. Shi kuwa E48, alamar babu sigina, da ke fitowa lokacin hadari ba maganar kuɗi bace sam, ruwan sama ne ke cinye siginar saboda irin zangon da ake amfani da shi baya jure ruwa mai ƙarfi, in kuma yana fitowa ko da yayyafi ne ko ba ruwa to dish ɗinka bai saitu daidai ba ko LNB, wato 'yar na'urar da ke gaban dish tana karɓar siginar, ya gaji ko ruwa ya shiga waya. Masu GOtv da StarTimes na eriya tsarin kullewar ɗaya ne, bambancin kawai su daga dogon ƙarfen da ke garinsu siginar ke zuwa, shi yasa in ka yi nisa da gari ba ta kamawa sai ka koma na dish.

To lura da abu ɗaya a duk wannan bayanin: hanyar ɗaya ce, daga sama zuwa ƙasa. Dikodarka tana ji amma ba ta magana. Dish ɗinka baya tura komai zuwa sama. Kamfanin bai san ka kunna ba, bai san ka kashe ba, bai san NEPA sun ɗauke wuta a unguwarku sati guda ba, bai san ko ƙwallo kake kallo ko wa'azi ba. Wayarka daban ce, duk abinda ka buɗe sai ta nema daga kamfanin sannan a turo mata ita kaɗai, shi yasa suke iya ƙirga maka ko megabait nawa ka ci. Mitar wuta kuma a gidanka take tana auna abinda ya wuce ta cikinta. Sannan akwai wani bambancin, in ka sha wuta ko data ka rage wani abu da wani zai iya sha, amma in ka kalli tasha ba ka rage komai ba, in ba ka kalla ba ma ba ka tara wa kamfanin komai ba, kuɗin hayar tauraro da kuɗin izinin tashoshi sun riga sun biya ko mutum ɗaya ne ya kunna ko miliyan goma.

Asalin tsarin daga Amurka yake. Tun 1948 a garuruwan da ke cikin duwatsu a jihar Pennsylvania inda sigina ba ta isa, wasu suka riƙa kafa babbar eriya a kan dutse su ja waya zuwa gidaje ana biyansu duk wata, amma lokacin kuɗin isar da sigina ake biya, tashoshin na kyauta ne. Wadda ta fara sayar da abin kallon kansa ta yi nasara ita ce tashar HBO a watan Nuwamba 1972, da gidaje 365 kacal ta fara. A 1975 ta hau tauraron ɗan adam ta nuna damben Muhammad Ali da Joe Frazier kai tsaye daga Manila, daga nan abin ya bazu. Kuma da farko ba a kulle siginar ba, duk mai babban dish yana kamawa kyauta, sai a 1986 suka fara kullewa, mutane suka yi ta fushi kamar yadda muke yi yanzu. Faransa ta samu Canal+ a 1984, Afirka ta Kudu ta samu M-Net a 1986, kuma daga M-Net ɗin ne MultiChoice da SuperSport suka fito.

Sai maganar ina kuɗin ke tafiya, kuma me yasa kullum ƙari ake yi. Gaskiya babban abinda ke cin kuɗi a wannan harkar ƙwallo ce. Tun 1992 da aka kafa Firimiya ta Ingila, yarjejeniyar farko da Sky da BBC fam miliyan 304 ce na shekara biyar, yanzu kuwa wadda ta fara a 2025 fam biliyan 6.7 ce na shekara huɗu, kuma wannan na cikin Birtaniya ne kawai, kowane yanki na duniya ana sayar da nasa daban ga wanda ya fi tayi. Albashin da kake ji ana ba 'yan wasa duk sati daga nan mafi yawansa yake fitowa, wato har da kuɗin mai kallo a Gusau a ciki. Kuma duk wannan da dala ko fam ko yuro ake biya, da hayar tauraro, da tashoshin waje irin su CNN da na yara da na finafinan Indiya, da dikodojin kansu da ake shigowa da su. Kamfani yana karɓar naira yana biyan dala. A watan Mayu 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,500, to kaga abinda ya biyo baya, babban kunshin tashoshin DStv wato Premium ya tashi daga naira 29,500 zuwa 37,000 a Mayu 2024, sannan 44,500 a Maris 2025, kunshin Compact ya kai 19,000, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta shiga rigima da su a kai. Su kansu MultiChoice sun bayyana cewa sun rasa kwastoma kusan miliyan 1.4 a Najeriya cikin shekara biyu, kuma mu da ke shago mun ga hakan da idonmu, mutanen da suke biya ba fashi suka koma sai lokacin manyan wasanni ko hutun yara.

In kana son ganin nauyin kuɗin ƙwallo ka tuna HiTV, kamfanin ɗan Najeriya Toyin Subair, da ya karɓe Firimiya daga hannun DStv a 2007, mutane suka yi ta murna suna sayen dikodarsa, da aka zo sabunta yarjejeniya a 2010 bai iya riƙe ta ba, zuwa 2011 kamfanin ya durƙushe, dikodojin suka zama kayan ajiya. TSTV ma ta zo ranar 1 ga Oktoba 2017 da alƙawarin biya daidai kallonka, jama'a suka yi ɗoki sosai, amma ba ta girgiza kasuwar yadda aka yi fata ba. Ina faɗin wannan da takaici ne, don rashin abokin takara mai ƙarfi a ɓangaren ƙwallo shine babban abinda ke sa mai kallo bashi da wurin gudu.

Akwai kuma ƙorafin da ke tafiya tare da naka, wato me yasa za a haɗa min tasha ɗari alhali biyar nake kallo. Dalili shine masu tashoshin ma a dunƙule suke sayarwa, mai babbar tasha zai ce in kana so sai ka ɗauki ƙananan nawa guda shida, sannan shi kamfanin yana raba tsadar ƙwallo a kan kowa, uwargida da ke kallon Africa Magic Hausa ko Dadin Kowa ta StarTimes tana taya mai kallon ƙwallo biya, shi kuma yana taya ta. Wasu ƙasashen sun sa doka a kai, Kanada a 2016 ta tilasta a yi ƙaramin kunshi mai araha sannan mutum ya zaɓi tashoshi ɗaya-ɗaya, Indiya ma ta yi irin haka a 2019, kuma abinda aka gani shine mai son tashoshi kaɗan ya samu sauƙi, amma mai son da yawa sau tari kuɗinsa bai ragu ba, wani ma ƙaruwa ya yi, saboda kowace tasha in ta tsaya ita kaɗai farashinta tashi yake.

Yanzu ra'ayina a kan ainihin buƙatarka. Mutane suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Akwai biyan kuɗi don abu ɗaya tak, kamar damben Mayweather da Pacquiao a 2015 da gidaje a Amurka suka biya kusan dala 100 don dare ɗaya, kuma wannan a kan kuɗin watansu yake ƙari, ba madadinsa ba, don haka wanda ke neman a kawo mana wannan yana neman abinda ya fi tsada ne bai sani ba. Abinda mu muke nufi shine in ban kalla ba kar kwanana ya tafi. Majalisar wakilai ta kafa kwamiti a kan wannan a 2020, an yi ta zama, MultiChoice ta ce fasahar ba ta ba da dama. Rabin maganar gaskiya ce, kamar yadda na yi maka bayani, ba su da hanyar ƙirga awanninka da dikodar da ba ta haɗe da intanet. Amma ɗaya rabin ban yarda da shi ba. Saƙon izinin nan da na faɗa maka, yadda yake iya cewa kwana 30 haka yake iya cewa kwana 7 ko kwana 1, babu wani abu a fasahar da ya ce dole sai wata. Hujja kuwa StarTimes sun daɗe suna sayar da na rana da na sati. Don haka ƙin yin gajeren wa'adi shawara ce ta kasuwanci, suna tsoron in suka buɗe na rana a kan manyan wasanni kowa Asabar da Lahadi kawai zai saya, kuɗin da ke shigowa ya faɗi alhali kuɗin izinin yana nan yadda yake. Na fahimci lissafinsu, amma tsarin wata cikakke an gina shi ne a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa kuma albashi ke zuwa ƙarshen wata. Mutuminmu kuɗin yau yake samu ya ci yau, wutar ma wani lokaci awa huɗu ce a rana, in yana son kallo sai ya ƙara da kuɗin mai a janareto. A ganina hukumar NBC ya kamata ta sa ya zama sharaɗi kowane kamfani ya samar da na sati aƙalla a kowane kunshi, da damar dakatar da wa'adi cikin sauƙi ta waya. Ka sani dai ko an yi hakan, in ka tara kuɗin na rana sau 30 zai fi na wata tsada, haka yake a duk inda ake yi.

Kuma in ka duba, talakanmu ya riga ya ƙirƙiro nasa maganin tuntuni, gidan kallo. Mutum ɗaya ya ɗauki nauyin kuɗin wata da janareto da benci, kai ka zo ka biya 'yan ɗaruruwa na wasan da kake so kawai ka tafi. Abinda masu buɗe gidan kallo ya kamata su sani shine biyan gida daban na kasuwanci daban, in kana tara mutane kana karɓar kuɗi akwai rajistar da ta dace da kai, kuma gara ka tambaya tun farko.

'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi su Canal+ ce tasu, abonma suke ce wa biyan kuɗin watan, tsarin kuma ɗaya ne sak, illa dai su kuɗinsu sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, don haka ba su sha irin tsallen farashin da muka sha ba. Izinin nunawa ƙasa-ƙasa ake sayar da shi, shi yasa a ƙa'ida katin da aka yi wa rajista a wata ƙasa ba na amfani a wata bane duk da siginar ba ta san iyaka ba, masu zama tsakanin Jibiya da Maraɗi ko Illela da Konni sun san wannan sarai. A watan Satumba 2025 kuma Canal+ ɗin ta kammala karɓe ikon MultiChoice, wato manyan biyun yanzu gida ɗaya ne, wanda ni dai bai kwantar min da hankali ba ta fuskar takara.

Za a zo maka da wata 'yar na'ura ko dikoda a ce ka biya sau ɗaya ka kalli komai shekara guda. Ga yadda take: wani a wani wuri yana da kati na gaske, yana ciro makullan nan da ke canzawa duk daƙiƙa goma yana raba wa dubban mutane ta intanet ko ta dish na biyu. Shi yasa hoton ke tsayawa yana daskarewa, kuma ranar babban wasa ne yafi yi, ranar da kamfani ya canza tsarin kullewa kuma shikenan kuɗinka sun tafi babu wanda zaka riƙe. Ko beoutQ da ta yi ta satar tashoshin beIN a ƙasashen Larabawa daga 2017, da duk ƙarfinta, a 2019 ta ɓace daga tauraro. Bayan haka haƙƙin wasu ne kuma doka ta hana, ni bana haɗa wa kowa ita. Su kuwa manhajojin waya na halal irin Netflix da ta iso Najeriya a 2016, su ma biyan wata ne mai wa'adi, kuma a can sau biyu kake biya, kuɗin wata da kuɗin data, duk da su suna da hanyar sanin abinda ka kalla amma ba su zaɓi su caje ka da awa ba.

Shawarar da nake ba irinka a shago ita ce ka zauna da iyalinka ku faɗi tashoshin da ake kalla da gaske a gidan, sau da yawa zaka tarar ba su wuce shida ba kuma rabinsu na kyauta ne. In haka ne ka sa dish na tashoshin kyauta da dikodarsa, wannan sau ɗaya zaka kashe kuɗi, zaka samu tashoshin Hausa da na Makka da Madina da na labarai, sannan ka ajiye ta biyan kuɗin a ƙaramin kunshi, ka hau babba sai watan da ake wasannin da kake so, babu dokar da ta ce sai ka biya kowane wata, in ka tsallake ba a bin ka bashi. Kar ka biya a farkon lokacin da ka san taransifomar unguwarku ta lalace, don wa'adi daga ranar da kuɗin suka shiga yake farawa. In tafiya zaka yi ka kira su kafin ka tafi ka tambayi ko za a dakatar maka, wasu kamfanonin suna yi na 'yan kwanaki amma sai ka nema. Dikoda da talabijin na zamani ba su cin wuta sosai, ƙaramar sola da batir suna ɗaukarsu, wannan shi yafi komai rage asarar kwanaki. Ka rubuta lambar katinka ko IUC, wato lambar dikodarka da ake biyan kuɗi da ita, a wani wuri, kuma ka duba ta sau biyu kafin mai POS ya tura, don in kuɗi suka tafi lambar wani dawo da su wahala ce. Sannan tunda kunshi ne aka haɗo maka har da abinda ba ka zaɓa ba, dan Allah ka shiga wajen saiti ka kulle tashoshin da ba ka son yara su gani, kuma ka canza lambar sirrin daga wadda ta zo da ita, galibi 1234 ce ko 0000, yaran yanzu duk sun san su.